Itatuwan da Na Kashe a Takarda

Mutanena, an sa hannu, na wuce. Malamai uku suka tsare ni yau a kan aikina na digiri na biyu, tambaya kan tambaya, ga azumi a bakina, daga ƙarshe suka ce shi ke nan. Ni fa, Fasuma, wadda saura ƙiris a sallame ta daga ɗakin binciken nan tun kafin ta shiga aji ko sau ɗaya, saboda na kashe itatuwa masu rai a takarda, na kuma raya matattu. Yanzu haka ina kan benci a College Park, inda jami'armu take a Amurka, ina danna waya, saura awa biyu a sha ruwa. In kun ga kuskuren rubutu ku wuce shi.

Azumin bana ya faɗo a Mayu, iska na kaɗawa, mutum har ya manta da ƙishi. Shi ya tuno mini da wancan, shekara bakwai baya, wanda ya faɗo tsakiyar Yuli da Agusta. Wancan kam ya gasa mu.

A Mayun shekarar na sauka daga Maradi, gidan Tonton Illiya, ƙanen babana, a Woodbridge. Shi tasi yake tuƙawa, matarsa Tanti Rabi na kitso a gida. Turancina na lokacin, in na faɗi kalma uku, biyu Faransanci ne. Jami'a sai ƙarshen Agusta za ta buɗe, ina zaune ina kallon bango. Cikin masu zuwa kitso akwai Yaya Rifkatu, 'yar Filato, tana digirin dakta a fannin daji. Ita ta ce suna neman hannu a wani aiki, kuma in firofesarsu ta ga ina da kai, za ta riƙe ni a ɗakin bincikenta in an buɗe makaranta. Abin da nake so ke nan a duniya. Ba ni da kowa a jami'ar nan, ƙofar ɗaya ce, kuma Yaya Rifkatu ce ta tsaya mini da sunanta.

Kafin mu fara, a ƙarshen Yuni, wata iska ta ratsa yankin. An ɗauke wuta kwanaki. Tanti ta fito da duk naman da ke cikin firij ta soye shi a murhun gawayi a bayan gida, ta rarraba wa maƙwabta kafin ya lalace. Muna zaune muna fifita da kwali, na ce a raina, to ina Amurkar? Iskar nan ta taɓa dajin da za mu yi aiki, can kudancin Virginia kusa da teku, dajin da gobara ta riga ta ƙona wata biyu kafin nan. Aikinmu mu gano waɗanne itatuwa suka sha, waɗanne suka tafi.

Duk Litinin bayan asuba Yaya Rifkatu ke ɗaukata a ƙofar gida, mu bi babban titin 95 mu yi kudu, mu dawo Laraba. Ranar farko muna sauka daga mota warin toka ya tare mu. An yi ruwa, tokar ta jiƙe, tana manne wa takalmi kamar ƙullu. Ƙasan rairayi ne irin na gida, amma zafin ba irin na gida ba ne. A Maradi rana na dukanka, ka shiga inuwa ka huta. Nan inuwar ma gumi take. Zufa ba ta bushewa, hijabina ya manne a wuya tun ƙarfe tara, ga kaska na hawa safa.

Yaya Rifkatu ta dafa wani baƙin itace ta ce, "Wannan ok ne."

Na ce, "Ok."

"A'a, sunansa ke nan."

"Sunan wa?"

Sai da ta rubuta mini a tafin hannu. Ashe shi ne itacen da muke karantawa a littafin lekol, makarantar bokonmu, da Faransanci, ban taɓa ganinsa da ido ba.

Ta ce iri biyu ne a dajin, suna zaune gefe da gefe. Ɗaya gajere ne mai faɗi, rassansa na shimfiɗuwa har su kusa taɓa ƙasa, kuma ba ya rabuwa da ganye duk shekara. Na raɗa masa Alhaji, don kullum yana cikin babbar riga. Ɗayan dogo ne, miƙaƙƙe. Ta ce, "Shi wannan yana zubar da ganyensa kaf in lokacinsa ya yi." Na raɗa masa Ɗan dambe, mai tuɓe riga. Kowane itace da ɗan ƙarfe mai lamba a jikinsa tun binciken bara, harafin farko na nuna irinsa, don haka ko ya ƙone ba za ka rikita su ba. Ta ba ni ƙyallen roba kala biyu da takarda mai gida biyu. Mai rai a ɗaura masa kore, matacce a ɗaura masa ja, a rubuta. Ita ta tafi ɗaya gefen dajin tana auna waɗanda iska ta kayar.

In lokacinsa ya yi. Ban tambaye ta wane lokaci ba, don a ganina na sani.

Ku bi ni a hankali, ku ga yadda kaina ya yi aiki. A gida, kuka na zubar da ganye in rani ya zo. Gawon gonar kakana kuwa da damina yake tuɓewa, ruwa na zuba shi yana tsaye tsirara, in rani ya shigo ya yi kore. To ga ni a dajin da ake zafin fitar rai, kuma ana ruwa kusan kullum da la'asar. Ban san ko rani ake ba ko damina, gari ɗaya ya haɗa su biyun. Amma na ce ba damuwa. In rani ne, Ɗan dambe ya bi kuka. In damina ce, ya bi gawo. Ko ta ina, yanzu ne lokacinsa. Cewa akwai itacen da sanyi ke tuɓe wa riga, wannan bai taɓa gilmawa a kaina ba. A Mayu na zo, na tarar da komai kore. Ban san ƙasar nan na da wata fuska ba.

Sai na kama aiki da ƙarfina. Ɗan dambe ba ganye ko ɗaya, baƙi ƙirin? Kore, hutawa yake. Alhaji ba ganye? Allah ya jiƙan rai, ja, don Alhaji ba ya tuɓe riga sai a makara. Akwai 'yan damben da ke da ganyensu cif, waɗanda wutar ba ta kai wa sosai ba. Su na ce masu jinkiri ne, za su biyo baya. Su ma kore.

Mako biyu na yi a haka, duk cikin azumi. Da azahar harshena ya zama kamar soso. Yaya Rifkatu ba ta azumi, amma ba ta taɓa shan ruwa a gabana ba, sai ta zagaya bayan wani Alhaji. Matsalar ita ce dajin shiru ne, ina jin maƙogwaronta yana aiki, ƙwat, ƙwat.

Na ce, "Yaya, ki sha a gabana kawai. Ƙarar ta fi gani ciwo."

Ta ce, "Ke dai ki ji da ladanki."

Rana ba ta faɗuwa sai bayan takwas. Mu koma ɗan gidan da masu bincike ke sauka, in buɗe kular da Tanti ta haɗo mini, fura da yogot ɗin kanti, dambun zogale, dabino. Yaya Rifkatu ta ci fiye da rabin dambun tana cewa taya ni take. In kwanta ƙafafuna na zugi, ina jin daɗi a raina, don na fi kowa sauri. Har yabona ta yi.

Ranar wata Alhamis ta kira ni jami'a. Na same ta gaban kwamfuta ta dafe kai.

"Fasuma, zo ki gani. A gefenki, 'yan dambenki ko ɗaya bai mutu ba. Alhazan kuma duk wanda wuta ta taɓa ya tafi. Kaka ta gani, ta ce ko dai mun gano abin da ba a taɓa gani ba, ko kuma wani ya kwafsa."

Kaka ita ce firofesar, wata gajeriyar tsohuwa mai farin gashi. A bayan idonta muke kiranta haka.

Ta buɗe hoton wani itace da ta ɗauka a gefena, dogo, baƙi, da koren ƙyallena yana lilo a jiki.

"Wannan ina ganyensa?"

"Ya zubar."

"Shi ne kika sa masa kore?"

"Ai lokacinsa ne."

"Lokacin me?"

"Na tuɓewa mana. Ke kika ce. Ga zafi, ga ruwa."

Ta juyo da kujera gaba ɗaya ta dube ni. "Ƙanwata, yaushe kika ce kin zo ƙasar nan?"

"Mayu."

"Yesu na. Ba ki taɓa ganin sanyi ba."

"Ana sanyi a Maradi."

Ta yi dariya har ta kifa kai a tebur. Ni ina tsaye ban san abin dariyar ba. Ta yi mini bayani cewa nan sai Nuwamba ganye ke zuba, saboda sanyi, kuma Ɗan damben da ba shi da ganye a Yuli yana cikin matsala. Na ce to Alhazan fa, su kam na yi daidai ko? Ta ce ba lallai ba, wuta na iya babbake musu ganye su sake fitar da wani. Wato ta ko'ina na sha ƙasa. Kaina ya ɗau caji. Na ce, "To in marar ganye zai iya zama mai rai, kuma zai iya zama matacce, me nake dubawa tun farko?"

Dariyar ta tsaya a nan. Ta ce laifinta ne da ba ta bi ni ta gani ba, ta shekara shida a nan har ta manta akwai wanda bai sani ba. Amma Kaka ta ce a sake gefen nan gaba ɗaya kafin a buɗe makaranta, kuma akwai wani ɗalibi ɗan ƙasa da ke neman gurbin. In aikin bai fito daidai ba, shi za a ɗauka.

Na koma Woodbridge a jirgin ƙasa ina kuka a hankali. Da aka sha ruwa Tonton ya ga ban taɓa kunu ba, ya ce me ya faru. Na kwashe na gaya masa. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni shekarar da na zo, da na ga itatuwa sun tuɓe, cewa na yi fari aka yi, har na tausaya wa manomansu." Sannan ya ce, "Amma ke ɗiyar manoma ce. Wa ya ce miki daga sama ake duba itace?"

Motar Yaya Rifkatu ta zaɓi makon nan ta lalace. Sai Tonton ya ajiye aiki kwana uku, a goman ƙarshe, ya kwashe mu a tasinsa. Mutumin da ya rabu da gona shekara goma sha biyar, yana taka rairayin nan ya cire takalmi. Yaya Rifkatu ta ce, "Baba, akwai kaska fa." Ya ce, "Ta san ni."

Muka fara da wani Alhaji da na ɗaura wa ja. Tonton ya zaro makullin mota ya kankare ɓawon reshe kaɗan. Ƙarƙashin baƙin, ɗanye ne, da laima. Ya nuna mini sama. A jikin rassan da suka ƙone, ƙananan ganye ne suka fara leƙowa, kamar kunnen ɓera. Mako uku baya babu su, ko kuma akwai ban duba ba. Na kwance ja, na ɗaura kore. Ya ce, "Ki ba shi haƙuri, kin yi masa sallar gawa yana numfashi."

Muka je kan wani Ɗan dambe mai kore. Ya kankare, a bushe, ya ƙara sama, a bushe. Yaya Rifkatu ta ce, "Ja." Na kai hannu aljihu. Tonton ya ce in dakata. Ya durƙusa ya share tokar gindin da hannu. Sai ga toho, huɗu ko biyar, jajaye-jajaye, sun fito daga saiwa.

Ya ce, "Wannan kansa ne ya mutu. Shi yana nan ƙasa. A gonarmu irin wannan kututturen ba a tone shi, sai ka zaɓi toho biyu masu ƙarfi ka bar su, shekara uku ka samu inuwa."

Yaya Rifkatu ta ce ta san da tohon, amma a tsarin aikin sai baɗi za a ƙirga shi. Bana gangar jikin kawai ake tambaya, ta mutu ko tana raye.

Tonton ya ce, "To ɗiyata, wa ya ce zai kai baɗi? Dubi nan." Kan tohon a gutsure yake. "Akuyar wa ke shigowa dajin nan?"

"Ba akuya, Baba. Barewa ce."

"Barewa na yawo haka, ba mai ita?"

"Sun yi yawa ma."

Ya girgiza kai, ya ce ƙasar nan dai. Na tsaya da ƙyalle biyu a hannu, rana na dukan ƙeyata, ina kallon su biyun. Ita ta ce ja, shi ya ce kore, kuma duk wanda na saurara sai in ga shi ke da gaskiya. Takarda gida biyu gare ta. Na riga na kwafsa sau ɗaya don na yi shiru na yanke hukunci ni kaɗai. Sai kawai na ɗaura masa duka biyun, ja a sama, kore a gindi, na ja layi a gefen takardar na buɗe gida na uku da biro.

Yaya Rifkatu ta ce, "Kaka ba ta son a taɓa mata takarda."

Na ce, "In ta kore ni, ta kore ni a kan abin da na gani."

Kwana uku muka yi, itace bayan itace. Tonton na kankara, ni ina tona gindi, Yaya na rubutu. Abin da muka samu ya ƙara rikita ni. Alhazai da yawa sun farfaɗo ta rassa, wasu ta saiwa, ƙanana a cikinsu sun tafi ɗungurungum. 'Yan dambe manya masu kaurin ɓawo wuta ba ta yi musu komai ba, amma su ne iska ta fi tumɓukewa, don sun yi tsawo. Alhaji kuwa yana zaune daɓas, iska ta wuce ta kansa. Matasan 'yan dambe sun mutu a sama sun toho a ƙasa, barewa na bin su tana aski. Ranar ƙarshe hadari ya haɗo da la'asar, ruwa ya sauko mana a tsakiyar daji. Muka tsaya a cikinsa, toka na gangarowa daga jikinmu baƙa, ni da Tonton mun datse baki kada ɗigo ya shiga.

A hanyar dawowa ya ce, "To a taƙaice, wanne ya fi ƙarfi?"

Yaya Rifkatu ta ce, "Ya danganta."

"Da me?"

"Da abin da ya zo. Wuta ce, iska ce, barewa ce, wanne ya riga wanne."

Ya ce, "Shekara shida kina karatu, amsar ke nan?"

Bayan salla da kwana biyu Kaka ta kira ni ofishinta. Takarduna na gabanta, da gidana na uku a karkace. Ta ce wa ya ja layin nan. Na ce ni ce. Ta ce kafin nan, tana so ta ji yadda aka yi na raya matattu a karon farko. Na haɗa Turanci da Faransanci da hannu na ba ta labarin kuka da gawo. Ta tsayar da ni a kan gawo. Ta ce ta karanta shi a littafi, ba ta taɓa haɗuwa da wanda ya zauna a ƙarƙashinsa ba. Ta yi ta tambaya, yaushe yake tuɓewa, me ake shukawa a gindinsa, dabbobi na cin 'ya'yansa. Ni duk tsammanina share fagen kora ne. Na kasa gane inda aka dosa, har na ce, "Madam, in tafi ne?"

Ta turo mini takardun. Ta ce itatuwan nan masu ƙyalle biyu, wani ya bi su duk shekara ya ga waɗanda barewa za ta bari, kuma tunda ni na ƙirƙiro su, ni zan bi su. Ta ƙara da cewa daga yau in ban gane abu ba in tambaya da ƙarfi, ko da a tsakiyar magana ne.

Na fito na samu Yaya Rifkatu a baranda. Na ce, "Yaya, ta ɗauke ni ko hukunci ta ba ni?"

Ta ce, "A wurin Kaka duk ɗaya ne. Litinin ƙarfe takwas."

Su na bi shekara bakwai, su ne aikin da aka sa wa hannu yau. Dajin yanzu ya cushe, sai da adda ake shiga. Wasu tohon sun fi ni tsawo sau biyu, wasu barewa ta gama da su tun shekara ta biyu, gurin da suka bari Alhazai sun miƙa rassa sun rufe. Ɗaya daga cikin malaman ya tambaye ni ɗazu wanne zai mamaye dajin nan gaba. Na ce ya danganta. Ya gyaɗa kai kamar na faɗi wani babban abu. Wallahi har yanzu ban tabbata na gane dajin nan ba, na dai daina yanke masa hukunci daga nesa.

Nuwamban shekarata ta farko kuwa, duk da an gaya mini, da na fito aji na ga titi guda ya tuɓe, ganye har idon sawu, sai da gabana ya faɗi. Na tsaya gindin wani itace, na waiga ba kowa, na sa farce na kankare shi. Ɗanye ne.

Akwai 'yan uwanmu da za su sauka a watan Agusta, daga Maradi, Damagaram, Jos, Kaduna, ba su san komai a kan wannan ba, kuma za su ji kunyar tambaya. Don Allah ku tura musu wannan, ku tura a sauran zaurukanku ma. An kusa kiran salla, na tafi neman dabino.